Samuel Ajayi Crowther: Daga Jirgin Bayi Zuwa Kujerar Bishop

Kowane zamani da irin tsoronsa. A wannan zamani mutane suna kwana da fargabar masu garkuwa da mutane, da tashin hankali tsakanin al'ummai, da tsadar rayuwa, har wani mai bi yakan kai ga tambayar ko Allah yana ganin abin da ke faruwa. Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Shekaru 200 da suka wuce wani yaro ya yi ta yayin da yake ɗaure da igiya a wuya, ana kora shi daga kasuwa zuwa kasuwa. Yaron nan shi ne Ajayi, wanda duniya ta sani da suna Samuel Ajayi Crowther, ɗan Afirka na farko da ya zama Bishop a Ikilisiyar Angilika. An ƙone garinsu, an sayar da shi, jirginsa ya nutse, gidansa ya ƙone, an kama shi don kuɗin fansa, daga ƙarshe kuma 'yan'uwansa cikin bangaskiya suka wulakanta shi. Duk da haka ya mutu yana riƙe da begen da ya samu cikin Almasihu tun yana saurayi.

Ranar da aka ci Osogun

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarbawa, a yankin da yake cikin Jihar Oyo a yau. Ya tashi ne a lokacin da tsohuwar daular Oyo take rugujewa. Sarakuna da mayaƙa suna kai wa juna hari, kuma kowane yaƙi yakan ƙare da kama bayi, domin a bakin teku akwai Turawa masu jirage da ke jiran saye. A farkon shekarar 1821, da safe, mutane suna shirin karin kumallo, sai rundunar mahara ta kewaye garin. A cikinta akwai mayaƙan Oyo da Fulani da wasu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu. Kafin rana ta yi tsaka an ci garin, an sa masa wuta. Mahaifin Ajayi ya shigo gida ya umarce su su gudu, ya koma bakin fama, kuma daga wannan rana ɗansa bai sake ganinsa ba.

Ba su yi nisa ba aka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa, Afala, da ƙannensa mata biyu, ɗaya tana goye. Aka ɗaure su da igiya a wuya. Da aka zo rabon ganima, aka raba iyalin. A ranar aka yi musayar Ajayi da doki, bayan 'yan watanni kuma aka mayar da shi domin dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba. Ya sami ɗan lokaci kusa da mahaifiyarsa, sannan wata rana aka tafi da shi kasuwa ba tare da ya yi mata sallama ba. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a musanya shi da taba, wani lokaci da giya.

Daga baya, a cikin labarin da ya rubuta da hannunsa a 1837, bai ɓoye halin da zuciyarsa ta shiga a wannan lokaci ba. Da ya ji ana cewa za a sayar da shi ga Turawan Fotugal, tsoro ya kama shi har ya daina cin abinci, ya yi ciwo, ya kuma yi ƙoƙarin shaƙe kansa ya mutu, amma bai iya ba. Yaro ne ɗan shekara 12 ko 13, wanda bai taɓa jin sunan Yesu ba, ba shi da uwa ko uba a kusa, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Abin da ya fi tsoro kuwa shi ne ya same shi. Aka kai shi Legas, aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, aka haɗa wuyansa da na manyan mutane a sarƙa ɗaya.

Ceto a kan teku

A watan Afrilu na 1822 aka loda shi tare da wasu bayi fiye da 180 cikin wani jirgi mai suna Esperança Feliz, wanda ma'anar sunansa a harshen Fotugal ita ce bege mai daɗi. Jirgin bai yi nisa da gaɓa ba sai jiragen yaƙin Ingila, waɗanda ke sintiri domin hana cinikin bayi, suka tare shi. Ajayi bai gane cewa ceto ne ya zo ba. A ganinsa wasu sababbin iyayengiji ne suka ƙwace su. Da aka hau da shi jirgin yaƙi mai suna Myrmidon, ya ga tarin harsasan igwa ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne, ya ga naman alade a rataye ya zaci namansu ne. Sai da aka kwana biyu, ya ga ana ba shi abinci da tufafi, ba mai dukansa, sannan hankalinsa ya kwanta.

A watan Yuni na wannan shekara aka sauke su a Freetown, ƙasar Saliyo, inda ake tsugunar da 'yantattun bayi. Aka danƙa shi ga ma'aikatan ƙungiyar mishan ta CMS a ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. A ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na Landan wanda yake cikin shugabannin CMS. A 1827, da aka buɗe makarantar Fourah Bay, sunansa ne na farko a rajistar ɗalibai. Ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, suka zauna tare kimanin shekara 50.

Tun daga wannan lokaci Crowther yake duban ranar da aka kama shi da ido biyu. Bai taɓa cewa bauta abu ne mai kyau ba, ya kuwa yi yaƙi da cinikin bayi duk tsawon rayuwarsa. Amma ya gane cewa ta cikin wannan mugunta ce Allah ya bi da shi har ya kai shi inda ya ji bishara. Labarin Yusufu ɗan Yakubu, wanda 'yan'uwansa suka sayar, ya zama labarinsa. Wannan fahimta ita ce ta riƙe shi a duk abin da ya biyo baya.

Kogin Kwara da zazzaɓinsa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aika da jirage uku masu aiki da tururi su shiga Kogin Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi a koma ga noma da fatauci. CMS ta tura mutum biyu cikin tawagar: wani Bajamushe, James Frederick Schön, da Crowther. An bukaci su koyi Hausa domin wannan tafiya, da yake ita ce harshen fatauci a yankin. Schön ya ci gaba da nazarin Hausa har ƙarshen rayuwarsa, ya wallafa nahawunta a 1862 da ƙamusunta a 1876.

Tafiyar ta zama bala'i. Zazzaɓin cizon sauro ya faɗa wa Turawan, a cikin kusan 150 fiye da 40 suka mutu. Jirage suka juya ɗauke da marasa lafiya da gawawwaki, mutane a Ingila kuma suka yi ta yi wa shirin ba'a. Amma daga cikin wannan asara Schön ya fito da shawara guda wadda ta canza tarihi: idan bishara za ta shiga cikin Afirka, 'yan Afirka ne za su kai ta. Rahoton da Crowther ya rubuta na tafiyar ya nuna irin basirarsa, sai aka kira shi Ingila, aka horar da shi, a 1843 kuma Bishop na Landan ya naɗa shi dikin, sannan firist. A wannan shekara ce ya wallafa littafinsa na farko kan kalmomi da nahawun Yarbanci.

Uwa da ɗa a Abeokuta

'Yantattun Yarbawa da yawa sun riga sun fara komawa gida daga Saliyo, suna kuma roƙon a aiko musu da malamai. A 1845 Crowther ya sauka Badagry tare da Henry Townsend da wasu, a 1846 suka shiga Abeokuta. Bai yi wata guda a garin ba sai labari ya iso masa cewa mahaifiyarsa tana da rai a wani gari kusa. A watan Agusta aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu da juna. Suka rungume juna, suka kasa magana, sai hawaye. Ita ma ta sha bauta, an sayar da ita, an fanshe ta. Daga baya aka sami ƙannensa mata su ma, ya taimaka wajen fansarsu. A 1848 aka yi wa Afala baftisma cikin masu bi na farko a Abeokuta, aka sa mata suna Hannatu, sunan mahaifiyar annabi Sama'ila na Littafi Mai Tsarki.

Zaman Abeokuta bai kasance na kwanciyar hankali ba. A 1849 aka tsananta wa sababbin masu bi, aka ɗaure wasu, aka yi musu bulala domin sun bar gumaka. A watan Maris na 1851 Sarki Gezo na Dahomey ya kawo wa garin hari da babbar runduna, har da mayaƙansa mata. Crowther, wanda ya san abin da ake nufi da a ci gari, yana cikin garin a ranar. Mutanen Egba suka tsaya a kan ganuwa suka kori maharan. A ƙarshen wannan shekara aka kai shi fadar Windsor, inda ya bayyana wa Sarauniya Biktoriya da mijinta halin da cinikin bayi ya jefa ƙasar Yarbawa da Legas.

Asara kan asara

A 1854 ya sake shiga kogi tare da Likita William Baikie cikin jirgi mai suna Pleiad. Suka bi Binuwai har nesa. A wannan karo an yi amfani da maganin kwinin kullum, ba kuwa wanda ya mutu. Wannan ya buɗe hanya, a 1857 kuma aka kafa Mishan na Kwara a ƙarƙashin jagorancin Crowther, da ma'aikata 'yan Afirka. Ya bar Rabaran John Christopher Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, a Onitsha, shi kuma ya wuce arewa. A kusa da Jebba jirginsu, Dayspring, ya bugi dutse ya nutse. Suka tsira da rayukansu, amma suka maƙale a bakin kogi kimanin shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Crowther ya mai da wannan jira makaranta. Ya shiga koyon Nufanci, yana zama da fatake da masu kwalekwale yana rubuta kalmominsu. Daga wannan aiki ne littafin koyon karatu na Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi kuma a 1864. Kafin haka ya riga ya shirya littafin koyon karatu na Ibo a 1857.

A 1862 aka yi baftisma ta farko a Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. A ƙarshen wannan shekara gobara ta cinye gidansa a Legas. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne takardunsa: kalmomi da karin magana da fassarar da ya yi shekara 11 yana tarawa daga bakin dattawa, duk suka zama toka. Mutum ne da ya haura shekara 50 a lokacin. Ya sayi sabuwar takarda ya soma daga farko. Aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wanda shi ne jagoransa tare da wasu abokan aiki, ya kammala a shekarun 1880, har yau kuwa Yarbawa suna girmama wannan fassara saboda kyawun harshenta.

Bishop baƙar fata

Babban sakataren CMS na wancan lokaci, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa ikilisiya wadda za ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta, sannan shi ya matsa gaba. Domin haka ya nace sai an naɗa Crowther Bishop. Wasu 'yan mishan Turawa, har da Townsend abokin aikinsa na Abeokuta, suka ƙi yarda su zauna a ƙarƙashin baƙar fata. Crowther kansa bai nemi muƙamin ba, ya ma yi ta roƙo a bar shi. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Canterbury. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. A cikin taron akwai Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce, da kuma matar marigayi Bishop Weeks, wadda ta koyar da shi yana yaro a Saliyo. Saboda adawar da aka yi, ba a sa Legas da Abeokuta a ƙarƙashinsa ba. Aka ba shi yankunan da ke bayan iyakar mulkin Ingila, inda babu soja ko ɗan sanda da zai kare shi.

A 1867 wani basarake na yankin Idah, mai suna Abokko, ya tare kwalekwalensa, ya kama shi tare da ɗansa Dandeson, ya ƙwace kayansu, ya nemi fam 1,000 kuɗin fansa. Suka yi kwanaki a tsare a bakin kogi, cikin rana da ruwan sama. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, William Fell, ya zo da jirgi, ya ƙi biyan kuɗin. Da suka ruga zuwa jirgin, aka bi su da kibau. Bishop da ɗansa suka tsira, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu. Crowther ya ɗauki nauyin wannan mutuwa a zuciyarsa, duk da haka da lokacin tafiya ya zagayo ya sake shiga kogin nan, ya bi ta wannan hanya.

A Bonny, can bakin teku, aikin ya yi albarka da tsada. A 1867 mutanen garin suka rabu da bautar guza, wanda dā ba mai iya taɓa shi. Amma da bayi suka fara karɓar bishara, wasu iyayengijinsu suka tayar da tsanani. A 1875 aka kashe wani bawa mai suna Joshua Hart, aka jefa shi cikin kogi, domin ya ƙi cin abin da aka miƙa wa gumaka. Jininsa bai hana ikilisiyar Bonny girma ba.

Zamansa da sarakunan Musulmi

Akwai darasi na musamman ga masu bi na arewa da tsakiyar Nijeriya a yadda Crowther ya zauna da Musulmi. A cikin waɗanda suka ƙone garinsu akwai Musulmi, amma bai riƙe wannan a matsayin dalilin ƙiyayya ba. Ya yi shekaru yana kai ziyara Bida wurin Etsu Masaba, Sarkin Nufe, da girmamawa irin wadda ta dace da sarki, har aka ba shi izinin kafa tashoshi a Lakwaja da kusa da Egga. Yakan ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Tun a Saliyo ya gane cewa gardama ba ta jawo kowa ga Almasihu, ko da mutum ya yi nasara a cikinta. Don haka, a 1872, da ya tsaya gaban Sarkin Ilori aka yi masa tambayoyi game da Yesu, bai zagi addinin kowa ba, bai kuma rage kome daga bangaskiyarsa ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta amsar kowace tambaya daga ciki, aka kuma sallame shi da mutunci. Amincin da ya samu ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aiko masa da wasiƙa, yana roƙonsa ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ya ga cewa Bishop na Kirista ne zai iya riƙe masa wannan amana.

Gwaji mafi zafi

Gwajin da ya fi kowanne zafi ya zo masa ne a tsufa, daga cikin gida. Henry Venn ya rasu a 1873. Matarsa ta rasu a 1880, mahaifiyarsa kuma a 1883 bayan ta tsufa ƙwarai. Zamani ma ya juya. Kamfanin George Goldie ya mamaye cinikin kogi ya ture 'yan kasuwa baƙar fata, a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 kuma ƙasashen Turai suka shata yadda za su raba Afirka. Ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi, ya kuma shiga har cikin mishan.

Gaskiya ne cewa Mishan na Kwara yana da rauni. Tashoshin suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, Bishop kuma ya daɗe yana dogara ga jiragen 'yan kasuwa kafin ya iya ziyartar ma'aikatansa. An sami wasu ma'aikata da manyan laifuffuka, Crowther kuwa mutum ne mai taushin hali, wanda ya fi son ya gyara mai laifi da ya kore shi. Amma samarin 'yan mishan da suka zo daga Ingila a ƙarshen shekarun 1880, irin su John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, waɗanda burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Hausa daga Lakwaja, sun yi wa dukan aikin kuɗin goro. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Onitsha a watan Agusta na 1890, aka dakatar da fastoci 'yan Afirka a gaban Bishop ɗin da ya naɗa su, ba tare da an kafa hujja a kansu yadda ya kamata ba. Har ɗansa Dandeson, wanda yake babban dikin, aka dakatar. Tsoho mai shekara kusan 80, wanda ya fara aikin tun ba a haifi masu tuhumarsa ba, ya miƙe ya ajiye shugabancin kwamitin.

Da ya so, da ya fasa ikilisiya biyu a lokacin, domin mutanen Legas da na bakin teku sun fusata, suna jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Bai yi haka ba. Bai kuma amince da zaluncin ba: ya rubuta wa shugabannin CMS ya bayyana matsayinsa, ya goyi bayan ikilisiyoyin yankin Delta su riƙe kansu da kuɗinsu ba tare da sun fita daga zumuntar Angilika ba. A 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. A idon mutane ya mutu ne a matsayin wanda aikinsa ya rushe. Bature aka naɗa a gurbinsa, aka kuma yi shekara 60 kafin wani ɗan Afirka ya sake riƙe dayosis na Angilika a Nijeriya.

Abin da bai gani ba

Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892, ba su kai ga shiga ƙasar Hausa ba. Ɗaya daga cikin samarin da suka halarci taron Onitsha, Henry Dobinson, ya zauna cikin aikin har ya gane kuskurensu, ya kuma nemi gafara a fili kafin rasuwarsa. Ikilisiyoyin Delta suka tsaya da ƙafafunsu daga 1892 a ƙarƙashin Dandeson, suka yi ta haɓaka. Jikansa Herbert Macaulay ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya. A shekarun 1970 aka ɗauke ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka sake binne su a harabar babbar majami'ar Christ Church da ke Legas. A 2014, da aka cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe shi ya bayyana tuba saboda abin da aka yi masa. Garuruwan da ya bi da kwalekwale, daga Bonny zuwa Onitsha, daga Lakwaja zuwa Bida, duk suna da ikilisiyoyi da bishop-bishop 'yan ƙasa a yau.

Rayuwar Crowther ba ta yi wa mai bi alkawarin cewa masifa ba za ta same shi ba. Mahaifinsa bai dawo ba, Fell ya mutu, Joshua Hart ya mutu, takardunsa sun ƙone, shi kansa kuma bai ga an wanke sunansa ba. Abin da rayuwarsa take nunawa shi ne inda ya kafa begensa. Da a kan 'yancin da Ingila ta ba shi ya kafa shi, da ya rushe a Onitsha. Da a kan muƙami ne, da ya rushe ranar da aka ƙwace masa iko. Ya kafa shi a kan Almasihu wanda ya mutu ya kuma tashi, da kan tabbacin da manzo Bulus ya koyar a sura ta 8 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa game da ƙaunar Allah wadda ta fi ƙarfin tsanani da takobi da mutuwa. Wannan tabbaci ne ya sa bayan kowace asara yakan koma bakin aiki: ya koyi sabon harshe a inda jirgi ya nutse, ya sake rubuta abin da wuta ta ci, ya koma kogin da aka kama shi.

Iyalin da aka sace musu ɗa a wannan zamani, da fasto mai hidima a ƙauyen da ake kai wa hari, da ma'aikacin ikilisiya da 'yan'uwansa suka zalunta, duk suna da ɗan'uwa a cikin wannan dattijo. Ya bi ta hanyar da suke bi, ya san zafinta, bai kuwa ga Allah ya yashe shi ba. Ubangiji ya ba Ikilisiyarsa a Nijeriya irin wannan jimiri da irin wannan bege. Amin.